Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ke yi mana sautun harsasan farauta a Yamai

Zuwa ga Shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Mu da muka rubuto wannan takarda maharba ne masu izinin riƙe bindiga, mazauna Yamai da Tawa, masu ba ku sautun harsasai idan za a fita farautar manyan namun daji a Afirka ta Kudu, Namibiya, Zimbabuwe ko Tanzaniya. Mun fito da maganar fili ne saboda an faɗe ta a kanti, an faɗe ta a biro, kuma amsar da yaranku ke bayarwa ba ta sakewa: "Ai duk ɗaya ne, Alhaji." Wanda ya biya kuɗin harsashi mai daraja, ya ba da kafin alƙalami tun watanni kafin tafiya, abu guda yake saye, wato tabbacin cewa harsashin da ya gwada a bindigarsa a gida shi ne zai fita daga bakinta ran da ɓauna ta tsaya gabansa. Wannan tabbacin ne kamfaninku ke karɓar kuɗinsa ba ya bayarwa.

Mu fara da lamba. An ba ku sautun .375 H&H Magnum, kun kawo .375 Ruger, kuka ce tunda duka 375 ne sai a karɓa. Faɗin ƙwayar ɗaya ne, gaskiya, amma kwanson ya bambanta. Na H&H, wanda Holland & Holland na Landan suka fitar a 1912, tsawonsa milimita 72.4 ne, yana da ɗamara a gindi, jikinsa kuma yana tsukewa zuwa wuya. Na Ruger, wanda ya fito a 2007, milimita 65.5 ne, ba ɗamara, ya fi kauri, ba ya ma shiga mazaunin harsashin bindigar H&H. Haka .416 Rigby da .416 Remington Magnum, haka .300 Winchester Magnum da .300 WSM. Kama da wane ba ta wane. Lambar da aka buga a jikin bindiga ita ce dole a gani a gindin kowane kwanso, harafi da harafi, kuma ko da harsashin zai shiga, ƴan sandan filin jirgin O.R. Tambo na Johannesburg ba sa barin mutum ya shigo da harsashin da bai dace da bindigar da ke takardarsa ba.

Wannan kuskure ana ganinsa da ido tun a kanti. Wanda ya fi shi haɗari shi ne na ƙwaya, don ba a ganinsa sai a daji.

A wurinku, duk kwalin da ke da hoton dabba kuma yake da tsada ya zama "na safari". To, abin da ke sa harsashi ya cancanci wannan suna ginin ƙwayarsa ne. Ƙwaya ta yau da kullum dalma ce da aka tura cikin siririyar rigar jan ƙarfe, ba abin da ya riƙe su tare. A jikin barewa ko gada tana aiki sarai. A kafaɗar ɓauna kuwa, inda akwai fata mai kauri, da taɓo da ya bushe a kanta, da ƙashi mai nauyi, rigar kan tsage ta rabu da dalmar, ƙwayar ta farfashe kafin ta kai huhu. Dabbar ta shige duhuwa da rauni, sai jagoran farauta da masu bin sawu su shiga bayanta da ransu a hannu. Ban da haka, a ƙa'idar sansanonin can, dabbar da aka ga jininta an biya kuɗinta, ko an same ta ko ba a same ta ba.

Masu ƙera harsashi sun bi hanyoyi dabam-dabam don magance wannan. Nosler Partition, tun 1948, yana da katanga a tsakiyar ƙwaya: gaba ya buɗe ya zube, baya ya ci gaba da huda. Swift A-Frame ya ɗauki wannan katanga ya ƙara da manne dalmar gaba da rigarta. Norma Oryx, Woodleigh Weldcore da Trophy Bonded Bear Claw dalmarsu a manne take da riga, shi ya sa sukan riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsu bayan sun buɗe. Barnes TSX kuwa jan ƙarfe ne zalla, bakinsa ke buɗewa gida huɗu, kusan ba ya rasa komai. Waɗannan duka masu buɗewa ne. Sai kuma ƙwaya mai tauri wadda ba ta buɗewa sam, irin Barnes Banded Solid ko Hornady DGS, wadda ita kaɗai ake yarda da ita a kan giwa, ake kuma ajiye ta don harbi na biyu a kan ɓaunar da ta juya baya. Jagorori da yawa ba sa son a fara harbin ɓauna da mai tauri idan tana cikin garke, domin takan ratsa ta fita ta sami wata a baya. Damisa kuma, mai siririyar fata, ƙwaya mai saurin buɗewa take so. Kowace da aikinta. Saboda haka idan an rubuta muku A-Frame mai giren 300 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya ne), kuka kawo ƙwaya ta yau da kullum mai giren 270 a farashin A-Frame, kun ci kuɗin mutum kuma kun jefa shi cikin haɗari. Shi ma wanda ya nemi mai buɗewa da mai tauri tare, nauyinsu ɗaya yake bukata, giren 300 da giren 300, don su faɗa wuri ɗaya a kan allon saiti.

Akwai kuma maganar doka, wadda da ma ya kamata mai sayar da irin wannan kaya ya riƙe ta a ka. Tanzaniya ba ta yarda da abin da ya gaza .375 ba a kan namun daji masu haɗari. Namibiya ƙarfin harbi take dubawa, wanda ake aunawa da jul: jul 5,400 ga ɓauna da giwa. Zimbabuwe ta sa jul 5,300 da faɗin ƙwaya aƙalla milimita 9.2. Harsashin .375 H&H mai gram 19.4 da ke fita da gudun mita 770 a daƙiƙa yana ba da wajen jul 5,750, ya wuce. Amma 9.3x62, wanda Otto Bock ya tsara a Balin a 1905, kuma yaranku ke tallarsa a matsayin madadin .375, da ƙwaya mai gram 18.5 da gudun mita 720 wajen jul 4,800 yake tsayawa. Harsashi ne mai kyau ƙwarai, ga gwanki da jakin dawa ba ya da na biyu, sai dai lissafin bai kai ba. Kuma gudun da ake rubutawa a kwali yawanci a dogon bututu mai santimita 61 aka auna shi. Mai gajeriyar bindiga ya rage wani abu a kai.

Yanzu lambar zubi. Kowane kwali na masana'anta yana ɗauke da lambar zubin da aka yi shi, a cikin marfi ko a gefe. Albarushin wannan zubi da na wancan ba sa zama daidai ɗari bisa ɗari, kuma bambancin kan iya matsar da inda harsashi ke faɗawa da ƴan santimita a mita 100. Tsarin da masu hankali ke bi sananne ne: a sayi kwali 5, harsashi 100, daga zubi ɗaya, a ƙone wajen 40 a gida wurin daidaita madubin saiti da sabawa da dukan bindiga a kafaɗa, a tafi da 60. Ku kuwa kuna haɗo kwali biyu na bana, ɗaya na shekarun baya, biyu marfinsu a yage an manne da salatif, lambar ma ba ta karantuwa. Wanda ya daidaita bindigarsa da na farko ya tafi daji da na ƙarshe bai daidaita komai ba.

Gwajin gida ba saiti kaɗai ba ne, shi ya sa jinkirinku ke ɓata komai. Kowane harsashi da za a tafi da shi sai an loda shi a gidan harsashi, an tura shi da sakata, an fitar da shi, a filin harbi, bakin bindiga na duban tudu. A nan ake gane mai tauri mai faffaɗan baki da ke sarƙewa a hanya, wanda wata bindigar ke haɗiya lafiya wata ta ƙi. A nan ake barin harsashi biyu a ƙasan gida a yi harbi da na sama, sannan a fito da su a auna: idan matsin wuyan kwanso bai yi ƙarfi ba, dukan bindiga kan tura ƙwayar ciki, tsawon ya ragu, matsi ya hau. Idan wani abu ya ƙi, ana bukatar lokacin sake sautu. Mun san hanyar kaya ta yi nisa tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, mun kuma san harsashi ba ya tafiya sai da takardun hukuma. Wannan dalili ne na faɗa wa mutum gaskiyar lokaci tun ranar da ya biya. Bai zama dalilin yi masa alkawarin Maris a miƙa masa kaya ana saura kwanaki jirginsa ya tashi a Yuni ba.

Ajiyarku ma abin magana ce. Kwantenar ƙarfe a tsakar rana ba mangazar harsashi ba ce. A Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40 a inuwa, cikin kwantena kuwa ya fi haka nesa. Masana'antu a wajen digiri 21 suke auna matsi, kuma iyakar da hukumar C.I.P. ta Turai, mai sa ƙa'idar gwajin harsasai, ta sa wa matsin .375 H&H bar 4,300 ce. Harsashi mai zafi matsinsa hawa yake, wanda ya daɗe cikin zafi kuma albarushinsa lalacewa yake a hankali. Alamun a bayyane suke: maɓallin wutar da ke gindin kwanso ya baje, sakata ta yi tauri wurin ɗagawa, kwanso ya liƙe. Sakatar da ta ƙi ɗaguwa bayan harbin farko ita ce abin da kowane maharbin ɓauna ke tsoro, balle a zafin kwarin Zambezi cikin Oktoba. Turawan Ingila sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa .416 Rigby na 1911 ke da ƙaton kwanso da matsi kaɗan, bar 3,250 kawai. Damina kuma ta zo da nata: kwalaye sun sha raɓa, tagullar ta yi kore-kore a wuya, yaro ya goge da tsumma ya mayar kan kanta.

Sai shawarar da kuke ba mutane kan yawa. Yaranku na cewa Afirka ta Kudu ta yarda da harsashi 200, don haka a sayi 200 a tafi da su. Dokar can ta yarda, jirgi ne bai yarda ba. Ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kilo 5 ce ga kowane fasinja, har da nauyin kwali, a cikin kayan da ake aunawa, ba a haɗa rabon mutum biyu a akwati ɗaya, kuma sai kamfanin jirgin ya amince tun kafin ranar tafiya. Harsashin .375 H&H ɗaya wajen gram 40 ne, 200 sun kai kilo 8. Mai bindiga biyu, misali .375 da .30-06, cikin kilo 5 ɗin nan zai raba. Wanda ya bi maganarku a filin jirgin Diori Hamani zai gane, kuma ba wurin da zai ajiye ragowar. Harsashin da kuke zubawa a leda idan kwali ya yage shi ma ba ya hawa jirgi. Sai kwalin masana'anta ko akwati mai rami-rami da ke raba kowane ɗaya da ɗan'uwansa, kuma jirage da yawa na so a kulle shi dabam da akwatin bindiga. Mai bi ta Adis Ababa ko Lome ya tambayi kowane jirgin da zai hau.

Takardar sayenku kuma "harsashin farauta, kwali 5" kawai take cewa. Fom ɗin SAPS 520 na ƴan sandan Afirka ta Kudu, wanda ake cikewa da baƙin alƙalami a bar sa hannu sai gaban ɗan sanda, yana neman lambar harsashi da yawansa. Takardar da ba ta faɗi haka ba ba ta da amfani gaban duwan.

Abin da muke nema, ranka ya daɗe, bai fi ƙarfinku ba. A rubuta sautu cikakke ranar biyan kafin alƙalami: lamba, sunan ƙwaya, nauyinta, yawan kwali, da ranar isowa, aƙalla wata biyu kafin tafiyar mai shi. Idan abin da aka nema bai samu ba, a kira mutum ya zaɓa da kansa ko a mayar masa da kuɗinsa, kada a musanya a ɓoye. Kwalayen mutum ɗaya su fito daga zubi ɗaya, a rubuta lambar zubin a takardar saye. A kwashe kaya daga kwantena zuwa ɗaki mai sanyi da bushewa, waɗanda suka yi kore kuma a janye su daga kasuwa. A sa mutum guda a kanti wanda ya iya karanta gindin kwanso, da sikeli a gefensa. Waɗanda aka ba .375 Ruger da ƙwayoyi masu giren 270 a madadin sautunsu suna riƙe da kwalayen da takardunsu. Muna so a karɓa a biya su kafin ƙarshen wata, a kuma ba mu amsa a rubuce.

Wassalam.

Daga wasu maharba abokan cinikinku,
Yamai da Tawa