Amsa ga ƙanena da ya ce ilimi ya riga ya fitar da Ambedkar

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar da na yi lacca a kan Bhimrao Ambedkar, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariya a Indiya, kai ne ka miƙe daga ƙarshe ka ce: mutumin da ya yi karatu a Amurka da Ingila, ya zama lauya, har ya riƙe kujerar minista, kukan wariyar me kuma yake yi? Ai ilimi ya fitar da shi, in ji ka, sauran ma su dage da karatu su fita. Lokaci ya ƙure ban ba ka amsar da ta gamsar da ni kaina ba. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, ga ta a rubuce.

An haife shi ranar 14 ga Afrilu 1891 a garin Mhow, cikin al'ummar Mahar, waɗanda tsarin gadon matsayi na Indiya ya ɗauka ko taɓa jikinsu ƙazanta ne. A makaranta, buhu yake zuwa da shi daga gida ya shimfiɗa a gefe ya zauna. In ƙishi ya kama shi ba shi da ikon taɓa famfo, sai masinjan makaranta ya zo ya ba shi ruwa ba tare da sun haɗa jiki ba. Ranar da masinja bai zo ba, haka yaron zai wuni.

Za ka ce ai wannan kafin karatu ne. To, saurari abin da ya faru bayan karatun.

Sarkin Baroda, Sayajirao Gaekwad, ya ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar Columbia ta Amurka a 1913. Daga can ya wuce Landan. A 1917 ya dawo Baroda don ya yi wa masarautar aiki, ya biya alherin da aka yi masa. Kaf garin ya rasa mai ba shi masauki. Da ƙyar ya samu ɗaki a wani masaukin 'yan Parsi, wata al'umma 'yar asalin Farisa mai addininta daban, da sunan aro. A rana ta goma sha ɗaya sai ga ƙarti da sanduna a bakin ƙofarsa, sun gano asalinsa, suka ce kada dare ya same shi a wurin. Ya je wurin abokinsa ɗan Hindu, ya je wurin abokinsa Kirista, kowa ya kawo uzuri. Ya ƙarasa wunin a lambun gari, ƙarƙashin bishiya, yana jiran jirgin dare zuwa Bombay. A ofis kuwa, masinjoji jefo masa fayil suke yi daga nesa. Duk sanda na zo wannan gaɓar nakan tsaya, domin mutumin da ake jefa wa fayil ɗin ya fi masu jefa masa fayil ɗin karatu nesa ba kusa ba.

Nan ya gane cewa takardar shaida ba ta sauya tunanin maƙwabci. Sai ya koma ga jama'arsa.

Ranar 20 ga Maris 1927 ya jagoranci dubban mutane zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad, ya duƙa ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya sha, su ma suka sha. Hukumar garin ta riga ta halatta musu tafkin a takarda, dabbobi ma suna sha, amma babu ɗan Mahar da ya isa ya matso. Ranar aka far musu da duka. Bayan sun watse, manyan gari suka zuba kashin saniya da fitsarinta da madara a tafkin, wai tsarkake shi suke yi. Shari'ar ta ɗauki shekara goma, sai 1937 babbar kotun Bombay ta tabbatar musu da haƙƙinsu.

Kujerar ministan da kake magana a kai, a 1947 ya hau ta. Shi ya shugabanci kwamitin rubuta kundin tsarin mulkin Indiya da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950, kuma sashe na 17 ya haramta ɗaukar wani a matsayin wanda ba a taɓawa. A 1951 ya ajiye kujerar, saboda an yi ta jan ƙafa a kan ƙudurinsa na gyara dokar aure da gado ga matan Hindu.

Ƙanena, ban ce halinmu ɗaya da Indiya ba. Sahu ɗaya muke bi a masallaci, ƙwarya ɗaya muke sha. Amma kai ma ka sani, akwai gidajen da in saurayi ya kawo kuɗin gaisuwa, sai an binciki ko kakansa mahauci ne ko wanzami, kuma digirinsa ba ya hana a mayar masa da kayansa. Na taɓa raka wani ɗalibina irin wannan neman auren, ina zaune a zaure aka ce mana ba sa haɗa iri da mahauta.

Shi Ambedkar tun 1935 ya faɗa a Yeola cewa a addinin Hindu aka haife shi, amma ba a cikinsa zai mutu ba. Ranar 14 ga Oktoba 1956, a Nagpur, ya shiga addinin Buddha tare da dubban ɗaruruwan mutanensa. Ranar 6 ga Disamba na wannan shekarar ya rasu a Delhi.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka.