Amsa ga dattijon da ya tambaye ni yadda kotu ke ba da belin masu manyan laifuka

Assalamu alaikum, Baba.

A taron unguwa da aka yi kan 'yan daba da ƙwacen waya, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni, a matsayina na lauya, ta yaya za a kama mutum bisa zargin sara ko fashi, bayan 'yan makonni a gan shi a teburin mai shayi, alhali yaron da ya ɗauki buhun masara ya shekara a gidan yarin Kurmawa. Magariba ta kawo jiki ban gama bayani ba, shi ya sa na rubuto.

Beli ba wanke mutum daga laifi ba ne. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar a gaban kotu, saboda haka abin da alƙali ke tambayar kansa a ranar neman beli shi ne: idan na sake shi, zai dawo ya fuskanci shari'a, kuma shaidu za su kwana lafiya?

Nauyin tuhuma ne ke fara yanke magana. Laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, majistare ba shi da hurumin ba da belinsa, sai alƙalin Babbar Kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi tata a 2019 bisa tsarinta, ta taƙaita hakan ga dalili na musamman: rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar kuma masu tsare da mutumin ba su da halin kula da ita, ko jinkirin bincike da gurfanarwa da ya wuce shekara ɗaya, ko wani dalili mai ƙarfi da alƙali ya gamsu da shi. Don haka, Baba, idan wanda unguwa ke kira ɗan fashi ya fito da wuri, sau da yawa abin da aka rubuta a takardar tuhuma sata ce ko jikkata mutum, kuma kotu da takarda take aiki.

Laifin da ɗaurinsa ya haura shekara uku kuwa, asali a ba da beli, sai idan akwai dalilin ganin mutumin zai gudu, ko ya sake aikata laifi, ko ya tsorata shaidu, ko ya ɓatar da hujja. A 2007 Kotun Ƙoli ta hana Asari Dokubo, jagoran tsagerun Neja Delta, beli saboda tsaron ƙasa, wanda ya nuna ƙofar hanawa a buɗe take idan an kawo dalili. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ba a kawo shi. Duk layin ya san yaro ya yi alwashin sarar wanda ya kai ƙararsa, amma babu wanda ya sanar da mai gabatar da ƙara, shi kuma ya tashi a kotu ya ce yana adawa da beli da fatar baki, babu rantsuwa babu shaida. Alƙali ba ya zama a majalisar ƙofar gida, bai ji abin da muka ji ba.

Maganar yaron Kurmawa ita ta fi taɓa ni, domin a nan ne kake da gaskiya ƙwarai. Da yawa daga irinsa an riga an ba su beli, sharaɗin ne ya gagara: a kawo babban ma'aikacin gwamnati, ko mai takardar fili a cikin birni, ga ɗan dakon da ya zo ci-rani daga ƙauye bai san kowa ba. Doka ta ce kada sharaɗi ya wuce kima, dokar 2015 ma ta faɗa ƙarara cewa mace za ta iya tsaya wa mutum, amma na sha ganin uwa ta koma gida da kuka saboda an ce mata ta nemo namiji. Wasu kuma an ajiye su ne ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a kan fayil ɗinsu, watanni suna tafiya. Mai hali ya ɗauki lauya ya nufi Babbar Kotu, marar hali ya zauna. Ina ganin wannan zalunci ne, ko da babu wanda ya yi shi da gangan.

Idan akwai irin wannan yaro a sanin ka, a nemi kotu ta sassauta sharaɗin, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Idan kuma wanda ya fito yana barazana ga shaidu, a rubuta rana da wuri da abin da ya faɗa, a kai wa mai gabatar da ƙara, domin kotun da ta ba da beli tana da ikon soke shi, kuma wanda ya tsaya masa zai amsa tambaya idan ya gudu. A shirye nake in raka duk wanda ke tsoron zuwa shi kaɗai.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
wani lauya a birnin Kano