Askin 'yar wasan ƙanƙara ya biyo ni har shago

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Ni mai kitso ce kusan shekara 20 ke nan, kuma ban taɓa zaton zan rubuto wa jarida ba sai da 'yar ƙanwata ta shigo min shago da waya a hannu wai Anti don Allah wannan askin nake so. Na duba, hoton wata Baturiya ce, tsohon hoto ma.

Da muka bincika ashe Dorothy Hamill ce, 'yar Amurka mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, ita ta ci zinare a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Innsbruck ƙasar Ostiriya a 1976 tana shekara 19. Askinta gajere ne, an sassabe ƙeya an bar gashin sama da ɗan cika, idan ta yi juyin nan nasu kamar katantanwa sai gashin ya baje, tana tsayawa ya koma ya kwanta abinsa ba sai an taɓa shi ba. Wani ɗan Japan Yusuke Suga ne ya yi mata. Daga nan fa 'yammatan Amurka suka yi ca a shagunan gyaran gashi kowa askin Dorothy, har kamfanin Clairol ya ɗauke ta tallan shamfu.

To ni dai a sana'ance nake magana, hukuncin aske gashin mace na bar wa malamai. Askin nan don aiki aka yi shi kuma don irin gashinsu mai santsi, namu in ka yanke shi haka tsaye zai yi cirko-cirko, sai an dinga shafa rilaksa ana ƙona shi, wata uku gaban goshi ya zube a dawo ana neman man kaɗanya da man darbejiya, na ga irinsu da yawa wallahi. Kuma abin dariyar yarinyar nan ko ƙanƙarar firij ba ta iya riƙewa minti ɗaya.

Ban yi mata faɗa ba dai, mu ma a zamaninmu wane kitso ne ba mu kwaikwaya ba. Na zaunar da ita na yarfa mata ƙananan kalaba, ta tafi tana kumbure-kumbure, uwarta kuma har yau ba ta biya ni kuɗin kitson ba.

Taku,
Mai kitso daga Fagge, Kano