Bututun gas na Sahara: wa zai zauna can ya kula da shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan bututun gas ɗin nan da ake cewa za a ja daga Najeriya ya ratsa Nijar har Hassi R'Mel ta Aljeriya, sama da kilomita 4,000. Tun 2009 aka sa hannu kan yarjejeniyar aikin a Abuja, aka sake sa hannu kan wata a Aljeriya a 2022, ga kuma bututun Ajaokuta zuwa Kano mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020. Kullum maganar shimfiɗawa ce da biliyoyin dala, maganar kula da shi kuwa shiru kake ji.

Ni makanike ne, na yi shekaru ina bin manyan motoci daga Damagaram zuwa Agadas har Arlit, wallahi na san abin da hamada take yi wa inji. Filtar iskar da za ta kai maka wata a Kano, can in guguwa ta taso kwana biyu kawai ka cire ka buga ta a jikin taya sai ka ga yashi na zuba kamar ana zazzage buhun gari. To gas fa ba ya tafiya da kansa, sai an kafa tashoshi a hanya masu manyan injina da suke matsa shi suna tura shi gaba, kuma injinan nan iskar hamadar suke shaƙa dare da rana, in zafi ya yi yawa ƙarfinsu raguwa yake yi, in filta ta toshe kuma shi ke nan aiki ya tsaya.

Ban da su akwai ƙananan tashoshi na bawul, waɗanda ake rufewa in wani wuri ya fashe. Akwai 'yar wutar lantarki da ake sakar wa bututun don kar tsatsa ta ci shi, a daji kuwa da sola ake samunta, faifan sola in ƙura ta rufe shi ai sai mutum ya zo da tsumma ya goge, kwamfuta ba za ta yi wannan ba. Akwai kuma wata na'ura da ake cusawa cikin bututun gas ɗin ya tura ta, tana tafiya tana auna inda ƙarfe ya siranta, ma'aikata alade suke ce mata da Turanci, dole a samu wanda zai tura ta da wanda zai tarbe ta a gaba. Ga tudun rairayi da yake tashi daga nan ya koma can ya bar bututu a fili, ga kori da zai yi shekara a bushe rana ɗaya ruwa ya zo da ƙarfin da ba a zata ba, mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar 2009 ba.

Tsaro ma haka. Mun ga harin da aka kai ma'aikatar gas ta In Amenas da ke Aljeriya a 2013, mun ga yadda aka fasa bututun man Agadem na Nijar a 2024. Soja kaɗai ba zai iya gadin wannan tsawon ba. Buzu ko Batube da yake kiwo a wurin shi zai fara ganin sawun baƙuwar mota, in yana da albashi a tashar ko ɗansa na aiki a ciki, da gudu zai kai rahoto.

Shi ya sa nake roƙo tun yanzu a ɗebi yaranmu na Kano da Damagaram da Agadas a tura su makarantar koyon aikin mai ta Effurun da ke jihar Delta da makarantar ma'adinai ta Agadas, su koyi walda da aikin injinan nan kafin bututu ya iso. Kuma Malam Edita, don Allah ku tura wakilinku ya tambayi kamfanin mai na Najeriya NNPC da ma'aikatar man fetur ta Nijar, tasha nawa za a gina a hanya, yara nawa aka fara koya wa aikin, ku buga mana amsar.

Naku,
Wani tsohon makanike, daga Kano