Baƙonku Ya Ce A Cire Indomin Mota, Kun Yi Shiru

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na motoci na ranar Asabar. Baƙonku ya zauna ya gaya wa duniya wai in aka fasa salansa aka zazzage indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, mota za ta sha iska, ta ƙara gudu, ta rage shan mai. Mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, ko tambaya ɗaya bai jefa masa ba.

To ni an yi mini, na gani. Corolla gare ni ƙirar 2005, da ita nake ciyar da iyalina. Da aka cire tallafin mai a 2023 na kai ta wani gareji ina kukan shan mai. Bakaniken ya ce, "Alhaji, indominka ne ya toshe, bari mu sauke maka shi ka huta." A gabana mai walda ya yanka tulun da indomin ke ciki, ya sa rodi ya farfasa abin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ya juye a buhu, ya mayar da tulun ya liƙe. Har kuɗin aiki na biya, na yi godiya. Buhun kuwa ban sake sa shi a ido ba.

Kwana biyu ba a yi ba fitilar inji ta kama, har yau tana nan. Mai bai ragu ba ko kaɗan. Ƙara kamar injin markaɗe. In na tayar da ita da asuba a ƙofar gida, warin hayaƙi har cikin ɗaki, 'yar autata mai asma ta hau tari, uwarta na rungume da ita tana yi mata fifita. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Sai daga baya wani mai sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa ya buɗe mini ido. Ashe an shafe ramukan nan da ƙarafa masu tsada, platinum da palladium da rhodium, shi ya sa ake rububin sayen garin indomin. Aikinsu ƙone gubar da ke cikin hayaƙi, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a rufe. Akwai kuma na'urar auna hayaƙi guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, su ne suka kai ƙara wurin ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, fitila ta kama. Me ya hana baƙonku faɗin wannan? Bai sani ba ne, ko da shi ake raba buhun?

Baƙon naku har da cewa matasa su je a taɓa musu ƙwaƙwalwar mota ta zama ta tsere. Injin lita 1.8 marar turbo irin na motata, me za a ƙara masa na a zo a gani? Yaran unguwarmu da ke bin ayarin biki suna ta da ƙura sun ji ku, kun ba su hujja.

Ina roƙon ku kawo bakanike mai tsoron Allah ya warware wannan magana a fili, a shirin nan dai, ba a wani ba.

Sannan layin wayar da kuke bayarwa, sau tara na kira ranar, ba a ɗaga ba. Kullum muryoyin mutum uku zuwa huɗu muke ji. Ku duba wannan ma.

Wassalam.

Mai sauraronku, direban haya daga Kurna, Kano.