Zuwa ga masu tsofaffin 911 da akori-kura, kan maganar canja wayarin gaba ɗaya

Assalamu alaikum iyayen gidanmu, masu motoci da direbobi da yaran mota, ya hanya ya kasuwa. Allah ya ƙara rufa asiri.

Dalilin wannan takarda shi ne tambayar da ake ta yi mana a shago da kuma ta WhatsApp, wai idan wayarin tsohuwar mota ya gaji wanne ya kamata a saya a sa. To Alhaji gaskiyar magana sunan mota kaɗai baya isa a sayi wayarin. Mercedes ta fara fitar da wannan babbar motar mai gajeren hanci, wato irin su 911, tun 1959 kuma ta daɗe tana yinta, sai ka ga 911 biyu a tsaye gefe da gefe kamar uwa ɗaya uba ɗaya amma cikinsu daban, ga shi kuma motar da ta yi shekara 40 tana lodin hatsi da shanu ba wadda ba'a taɓa mata wani abu ba, wata an canja inji, wata an cire dainamo an sa altaneta, wata an ƙara fitilu huɗu a saman kai da hon mai iska. Duk wannan sai mun sani kafin a yanka waya ko ɗaya. Mu san motar wutar bolt 12 take ci ko 24, altanetar amfiya nawa take bayarwa, kuma sitiyarin yana wane ɓangare, don Najeriya ta koma tuƙin dama a 1972, motocin da suka riga wannan lokaci da waɗanda aka ciro kayansu daga Ingila ko Japan wayoyin dashbod ɗinsu ta ɗaya gefen suka nufa, ka sayo ka zo sai tsawon ya ƙi kaiwa a koma jone-jone, abin da aka gudo kenan.

Na beljiyam ba ma cewa kar a saya, amma a tuna shi ma tsoho ne, wani ma ya girmi wanda ke jikin motarka. In kun je kasuwa ku ɗauki waya ɗaya daga wajen da ke kusa da inji ku lanƙwasa ta da yatsa, in robar ta tsage ko ta yi fari-fari a wajen lanƙwasar to ta mutu, ku bar masa abinsa. Ku leƙa cikin soket ma, in kun ga kore-kore a kan ƙarfen ruwa ya daɗe da shiga.

Sabon da ake kawowa a kwali, wanda ake cewa yana shiga kowace mota, nan ne muka fi jin tsoro wallahi. Da yawa ba jan ƙarfe bane, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ido ba zai gane ba sai ka fere robar ka kankare silin da wuƙa, in fari ya fito daga ciki shikenan ka gane. Alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka kawai yake iya ɗauka a kauri ɗaya, yana zafi da wuri, yana kuma karyewa a bakin soket in mota na jijjiga, kuma kun fi mu sanin irin hanyar da motocin nan ke bi. Haka wayar gida mai sili ɗaya, don Allah kar wani ya sa muku ita don arha, mota mai sili da yawa take so. Kauri ma kowace da aikinta, mai kaurin skwaya milimita 1.5 ta isa ƙananan fitilu, amma wayar caji daga altaneta zuwa batir in an sa babbar altaneta mu bama sa ƙasa da 6, wani lokaci har 10.

Mu dai abin da muka fi yarda da shi shi ne a cire tsohon a hankali kar a yayyanka shi, a shimfiɗa a kan allo a kafe da ƙusoshi, mu bi shi reshe-reshe mu haɗa sabo daidai tsawonsa. Motar Jamus tana da sauƙin bi tunda lambobi ne a jiki, 30 daga batir, 15 bayan an murɗa makulli, 50 zuwa kik, 31 ita ce mai ruwan ƙasa da ake ɗaurewa a jikin bodi. Peugeot kuwa, irin 504 ɗin da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, lambar da ke bakin waya ake bi ba kala ba, shi yasa muke roƙon kar yara su kankare ta ko su naɗe da salatif.

Sai maganar fiyus, wannan kam muna roƙonku da girman Allah. Fiyus wayar yake karewa, in ya ƙone akwai abin da ya ƙona shi. Direba ya tsaya a hanya da dare ya tura silin waya ko takardar taba a wajen ya wuce, washegari an manta, rannan sai hayaƙi daga ƙarƙashin dashbod ga kaya maƙare a baya, dukiyar mutane. Za mu sa muku fiyus na safaya a leda cikin aljihun mota kyauta, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe sai mun sa mata roba a bakin ramin.

Wanda yake nesa ya turo hoton lambar shasi da na altaneta da akwatin fiyus da bayan dashbod, ya kuma faɗa mana duk abin da aka ƙara wa motar ko da rediyo ne. Wanda zai kawo mota ya sanar da mu tun da wuri a tsara rana, don aikin ba na yini ɗaya bane kuma ba ma so mu riƙe muku ita ranar kasuwa. Kuɗin aiki sai mun ga mota muke faɗa.

Mun gode ƙwarai, Allah ya tsare hanya.

Naku,
Ma'aikatan shagon wayarin