Filin golf da ya koma gonar masara a karkarar Amurka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da rahoton da kuka kawo a shirinku na noma kan filayen wasan golf da ake mayarwa gonaki a karkarar Amurka. Mai gabatarwa ya nuna kamar talaka ne ya karɓe ƙasa daga hannun masu hannu da shuni, kuma ban ga laifinsa ba, tun da a wajenmu duk wanda ya ji an ce golf, filin Rayfield na Jos ko na Kaduna ne zai faɗo masa a rai, inda manyan ma'aikata da attajirai suke shaƙatawa. Sai dai na yi shekaru ina zaune a jihar Iowa, kuma abin da na gani da idona ya sha bamban da haka.

Filin da ke bayan ƙauyenmu mai ramuka tara ne, kuma na kowa da kowa ne, domin mutum zai biya 'yan daloli ne kawai a bakin ƙofa ya shiga da sandunansa. Masu wasan manoma ne da malaman makaranta da tsofaffi 'yan fansho, kuma a ɗakin taron filin ake walimar aure, a nan ake ciyar da jama'a bayan jana'iza. Abin da ya kashe filin ba a ɓoye yake ba. An gina filaye barkatai a shekarun 1990, musamman bayan Tiger Woods ya yi fice a 1997, amma daga 2006 aka shiga jerin shekarun da filayen da ake rufewa suka fi waɗanda ake buɗewa yawa, ga samari suna ta ƙaura zuwa birane. A gefe guda kuma dokar 2007 ta ƙara yawan itanol, wato man da ake tacewa daga masara, da dole a gauraya da fetur, sannan farin da aka yi a 2012 ya kai farashin ma'aunin masararsu mai kilo 25 sama da dala 8, har kuɗin eka guda ta gona a Iowa ya haura dala 8,000 a 2013. Da manomin da ke maƙwabtaka da filin ya taya, masu filin, waɗanda bashin taki da injin yankan ciyawa ya yi wa katutu, ba su tsaya dogon ciniki ba.

Aikin mayar da shi gona ya fi yadda rahotonku ya nuna wuya. Katafila ta tumɓuke itatuwan da suka shekara arba'in, aka tone bututun ban-ruwa ɗaya bayan ɗaya don kada su karya garma, aka kwashe yashin ramukan da aka yi don tarko ga 'yan wasa. Dandamalin lallausar ciyawar da ke kewaye da kowane rami kuwa a kan yashi da tsakuwa aka shimfiɗa shi don ruwa ya tsiyaye da sauri, shi ya sa a damina ta farko na ga masarar waɗannan wurare tara ta tsumbure ta yi rawaya a tsakiyar koriyar gona.

Wannan masara kuma ba ta tuwo ba ce, wanda shi ne babban abin da nake so ku gyara wa masu sauraro. Sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar Amurka matatun itanol take tafiya, kusan kwatankwacin haka kuma abincin dabbobi ne, saboda haka ba wani mayunwaci da ya ƙoshi da rufe filin. Zuwa 2014 farashin ya faɗo ƙasa da dala 4, ƙauyen kuma ya riga ya rasa wurin taronsa. Manomin bai daina nomansa ba, kuma ya shaida mini cewa duk lokacin da ya yi huɗa sai garma ta tono masa fararen ƙwallaye, yana tara su a wani bokiti a bayan tarakta.

Naku mai sauraro a kullum,
daga jihar Iowa, Amurka.